Bayan Inna

Madarumfa

Yaya Hadiza,

Sallama da gaisuwa. Ina gajiya, ina yara, ina mutanen Damagaram?

Zancen Inna ne ya ɗaure mini kai. Shekara ta zagayo tun da aka gyara mata ƙashin baya a asibitin Maraɗi. Lokotoro, likitan da ya yi mata aikin, ya duba hoton ƙashin, ya ce ta warke. Wace irin warkewa ce wannan? Ta rage tsawo, zanenta na jan ƙasa, sallah a zaune take yi. Jiya ko buta ta kasa ɗagawa. Yau da safe na neme ta na rasa, sai a garkarta ta bakin tabki, tana tsinkar tumatir! Na yi faɗa, ta ce a can kaɗai bayan ke yi mata shiru.

Ni ban san ko jinya nake ba ko gadi.

Ƙanwarki,
Larai

Damagaram

Larai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta tayar mini da hankali. Ƙashin Inna ya zama kamar karan da gara ta ci, tuntuɓe ɗaya ya isa. Ki ɓoye sandarta, ki ba Kawu Illo garkar. Ta yi wahalar da ta ishe ta, ta kwanta ta huta.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki,
Hadiza

Madarumfa

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi yadda kika ce. Tun ranar ta juya fuska ga bango, fura ma sai da lallashi, ciwon kuma ya ƙaru. Da muka koma Maraɗi, ni lokotoro ya rufe da faɗa: «Wa ya kwantar da ita? Kwanciya ke cinye ƙashi!» Na ce, in ta faɗi fa? Ya ce wani gun zai karye. Na ce to wanne zan bi? Ya ce duka biyun.

Yaya, kaina ya kulle. Ki ba ni amsa.

Larai

Madarumfa

Hadiza ƴata,

Ni ce Inna, Larai ke rubuta mini. Ina gaishe ki.

Na karɓi sandata. Ko na warke ko ban warke ba, ni ma ban sani ba. Tsoron da kike ji, ina jin wanda ya fi shi. Amma in zan karye, gara a tsince ni a hanya da a tarar da ni a ɗaki. Larai ke riƙe mini hannu ɗaya. In kin samu hutu, ki zo ki riƙe ɗayan.

Allah ya yi miki albarka.