Babur ɗin Ɗan'auta

Mai Wurno, 3 ga Janairu

Zuwa ga mai ɗakina Maijidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da ɗiyarmu Nasiba da mijinta da jaririn. Yaya ciwon gwiwar? Ni lafiya lau, sai dai shirun gida. Wata bakwai ke nan da kika tafi Damazin kula da jegon Nasiba, Garba direba ya ce mini yaron har ya fara rarrafe. Ban ce ki dawo ba, faɗa kawai na yi.

An gama girbin dawa, hannuna ba aiki. Shekaranjiya na shiga ɗakin ajiya neman igiya, sai na tsaya a kan babur ɗin Ɗan'auta. Na san kin ce kada idonki ya ƙara ganinsa tun ranar da aka kawo shi a amalanken jaki, shekara huɗu ke nan, Allah ya jiƙan yaronmu. To, na fito da shi tsakar gida. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, ɓeraye sun cinye kujera, zanzaro ya yi gida a bututun hayaƙi. Na zuba tsakuwa da kananzir a tanki na yi ta girgizawa har tsatsa ta fito ja wur. Gyara shi zan yi. Na fi so ki ji daga bakina, ba daga maƙwabta ba.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Abdussalami

Mai Wurno, 20 ga Fabrairu

Maijidda,

Sallama da gaisuwa. Yaya ku, yaya sanyin da ya wuce? Garba ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, kin karɓa ba ki ce komai ba. Babu laifi.

Irin wannan babur an daɗe da daina kawo kayansa. Sau uku ina zuwa Sinja wurin Maliki, wani tsohon bakanike a bayan kasuwa. Shi ya tura ni Sennar, inda na yini ina tonon tulin tsofaffin ƙarafa kafin na samu ƙafar gaba. Kafireta kuwa wani mai fataucin albasa na roƙa ya nemo mini a Managil. Ta farko ba ta zauna ba, ya koma da ita, sai bayan mako biyu ya zo da daidai. Sarƙa da fulogi ba su ba ni wuya ba. Kujera ni na ɗinke ta da fatar akuya, ba ta yi kyau ba amma za a zauna.

Ranar Alhamis bayan la'asar na yi ta buga shi har ƙafata ta gaji, ya yi tari, ya tashi. Maijidda, muryarsa ba ta canza ba. Hanaa maƙwabciyarmu ta fito a guje da ƙullun wainar kisra a hannu, ta leƙo ta kan danga. Da ta ga ni ne, ta rufe baki da mayafi ta koma. Na kashe shi. Na juya zan kira ki, sannan na tuna. Na dafa shayi na sha a tsaye.

Saura birki. Kullum sai in ce gobe.

Naki,
Abdussalami

Mai Wurno, 9 ga Maris

Maijidda,

Ina gaishe ku, Allah ya sa kuna lafiya. Nasiba, na san ke kike karanta mata. Kada ki tsallake layi ko ɗaya.

Jiya na kai wa Maliki birkin. Bai san labarinmu ba. Da ya buɗe, ya ɗaga takalmin birkin ya duba a rana, ashe ya cinye har ƙarfe. Ya ce, “Baba, wa ya hau wannan? Ai wanda ya bar shi a haka bai ji tsoron Allah ba.” Na ce masa ni ne.

Ɗan'auta ya faɗa mini sau biyu cewa birkin ba ya kamawa. Na ce a bari sai bayan girbi. Da safen ranar da ya rasu bel ɗin injin ban ruwa ya tsinke, albasa tana bushewa, na aike shi Sinja na ce ya tafi a hankali. Da mutane suka ce motar kaya ce ta fito masa ba zato, ƙaddara ce, sai na ɓuya a bayan maganarsu. Na ji ki kina kuka kina cewa da ba ki ce ya yi sauri ya dawo cin abinci ba. Shekara huɗu ina jin ki, ban buɗe baki ba.

Ba zan nemi gafara a takarda ba. Ranar Juma'a zan biyo Garba. Zan zauna a ƙofar gida. In kin so ki fito, in ba ki so ba zan koma.

Abdussalami

Mai Wurno, 17 ga Maris

Maijidda,

Na iso lafiya, ina fata na bar ku lafiya. Ki shafa mini kan yaron.

Tun a mota nake juya abin da kika faɗa mini a zaure. Kin ce da safen ranar, Ɗan'auta yana ɗaura takalmi ya ce miki, “Inna, birkin nan ba ya kamawa,” ke kuma kika ce, “Ka yi wa ubanka aike, kada ka yi musu.” Ashe kin sani. Ashe kowannenmu yana ɗakinsa da nauyin da ke zuciyarsa, bango ɗaya tsakaninmu, yana tsoron kada ɗayan ya ji. Na so in yi magana a lokacin, sai kawai na riƙe kofin ruwan da kika ba ni har kika tashi.

Na saka sabon birki, yana kamawa ƙam. Na hau har bakin kogi na dawo. Yadda kika ce, ba zan sayar ba, kuma ba zan ce ki hau ba. Na kai shi bayan rumbu inda ba za ki gan shi daga madafa ba.

Na share ɗakinki, na cika randa. Garba ya ce zai ajiye miki kujerar gaba ranar Talata. In ba ki shirya ba, kada ki damu, akwai wata Talatar.

Mijinki,
Abdussalami