Haƙorin Makka na Inna

Magariya, ƙarshen kaka

Zuwa ga Yaya Hinda,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara a can Arlit. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya sa mu gana da alheri. Mu nan sai godiya. Na gama wankan jego, jaririn sai ƙiba yake yi, kuma duk wanda ya gan shi sai ya ce hancinki ya ɗauko. Ni dai addu'ata kada ya haɗa da bakinki. Gero ya yi kyau a garinmu Waca bana, wake ne tsutsa ta ɗan taɓa. Ƙanenmu Ado yana Ikko har yanzu, ya ce sai Sallah.

Yaya, kin yi ta bugo waya kina tambaya me ya sa Inna ba ta son magana da ke, ni kuma ina ta kewaye-kewaye. Ba fushi take da ke ba. Maganar ce ba ta waya ba, domin in na soma ta kuka zai ƙwace mini, Inna kuwa tana jiyo ni daga ɗakinta. Kin dai san faɗuwar da ta yi daga kan babur da damina, a hanyar kasuwar Guci, har haƙoranta biyu na sama suka fita. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya biyo baya.

Da ta zo wurina zaman jego na ga ba ta iya tauna ko gyaɗa, nama kuwa sai dai ta tsotsa ta ajiye. Maƙwabciyarmu Zara, wadda ke aiki a gidan likita, ta ce akwai wani lokotoro, wato likitan haƙori, a Damagaram mai aikin da suke kira gada. Wai ba irin haƙoran nan ba ne da ake cirewa a jiƙa cikin kofi. Sababbin ana haɗa su ne da na gefe, a manne su gaba ɗaya, su zauna daram. Inna ta yarda. To, wa zai kai ta? Ni ina cikin jego, Ado ba ya nan. Sai maigidana, Baban Nabila. Kin san yadda suke da Inna. Tun da aka yi aurenmu bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ita kuma ta ja mayafi ta amsa wa bango. A motar Damagaram ma shi yana gaba, ita tana can kujerar ƙarshe.

Lokotoron ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ba ta wuce sannu da buɗe baki ba. Da ya gama duba Inna sai ya fito ya yi wa Baban Nabila bayani da Faransanci. Ya ce gada ba ta tsayuwa sai an goge haƙorin hagu da na dama, an rage su, an sa musu hula, sannan sababbin su rataya a tsakiya. Ya ce na daman kuwa akwai zinariya a kansa, dole ta fita. Yaya, haƙorin Makka ke nan. Wanda marigayi Baba ya kai ta da kansa aka sa mata, shekarar da suka sauke farali tare. Lokotoron ya ce masa ya shiga ya faɗa mata, in ta yarda a soma. Bawan Allahn nan ya je bakin ƙofa ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa. Ya ce mini wallahi bai san da wane baki zai yi wa surukarsa zancen cikin bakinta ba. Sai kawai ya ce mata likita ya ce za a gyara. Ita kuma kunya ta hana ta tambayarsa wane irin gyara, ta ce to, Allah Ya yi albarka. Lokotoron ya ga ta gyaɗa kai, ya ɗauka an gama magana.

Aka yi mata allura bakin ya mutu, ta rufe ido tana ta salati. Ba ta san abin da ake yi ba. Shi Baban Nabila wai a zatonsa za a zare zinariyar ne a mayar daga baya. Ashe ba ta zaruwa, sai an tsaga ta. Aka miƙo masa ita cikin auduga, a tsage, ya jefa aljihu. Inna kuma aka rufe mata gogaggun haƙoran da farar hula ta wucin gadi, aka ce su komo in gadar ta gamu. Haka suka hawo mota suka dawo, zinariyar na aljihunsa, Inna ba ta sani ba.

Ina zaune ina ba jariri nono Inna ta shigo, ta ce in miƙo mata madubi, harshenta na jin baƙon abu. Na miƙa mata. Yaya, ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba, ko ranar da Baba ya rasu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kife madubin a kan tabarma, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ni ce na yi haukan. Na fita tsakar gida da ɗanyen jegona na wanke Baban Nabila tas. Na ce masa duk Faransancin da ya kwasa a lakwal, da duk surutun da yake zuba wa 'yan makaranta, a ce kalma ɗaya ta gagare shi? Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai, har na soma jin tausayinsa, amma ban nuna ba.

Daga ranar Inna ta daina dariya, ta daina fita, mayafi kullum a baki. Matan Waca suka zo barka, suna ta Hajiya kaza Hajiya kaza, ita kuwa sai gyaɗa kai. Ta rantse ba za ta sake taka Damagaram ba. Ranar randebu, wadda likita ya sa su koma, ta zo ta wuce. Ana nan sai hula ɗaya ta faɗo cikin kunu. Na leƙa na ga abin da ya saura na haƙorin, ɗan tsinke kamar ƙwayar shinkafa. Ko ruwan randa ya taɓa shi sai ta runtse ido. Zara ta ce in aka bar su haka za su ruɓe ko su goce, gadar da aka auna ta ƙi shiga, a wayi gari maimakon biyu an rasa huɗu. Na faɗa wa Inna, na roƙe ta, na haɗa ta da Allah. Ta ce a bar su su zube. Ta rame, Yaya, har zobenta yana juyawa a yatsa. Na ji tsoro ƙwarai.

Ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, Baban Nabila ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba. Ya yi gaisuwar ya ƙi tashi. Can sai na ji yana cewa shi ya ji bayanin likita duka, shi ya ɓoye, a yafe masa, amma kada a hukunta haƙoran da suka rage saboda laifinsa. Ya zaro audugar ya ajiye a bakin tabarma. Inna ta dubi audugar. Sai ta ce masa ya shigo ciki. Ya ɗan matso. Ta ce ciki ta ce. Ina tsaye da jariri a kafaɗa, Inna ta sauke mayafinta, ta buɗe baki a gaban surukinta, ta ce ya ɗago ya duba. Na kusa sakin yaron. Ya ɗago, ya duba, hawaye suka zubo masa. Ta ce masa laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, ita ma tana da baki ba ta tambaya ba. Ta ce yanzu ya ga abin da ake ɓoyewa, saura me? Za ta koma Damagaram, amma shi zai shiga ɗakin ya zauna kusa da kanta, ya faɗa mata duk abin da likita ya ce, kalma bayan kalma. In ya sunkuyar da kai ko sau ɗaya, za ta sauko daga kujerar ta yi tafiyarta. Ta ɗauki zinariyar ta ƙulle a bakin zanenta.

Jibi za su tafi in Allah Ya kai mu. Ki taya mu addu'a gadar ta shiga lafiya. Ki gaida maigidanki, da Hanifa, da Hudaifa, da Mas'udu ɗan autanki. Nabila na gaishe ki, ta ce kada ki manta da dabinonta. Zara ma na gaisuwa.

Roƙona ɗaya ne, kuma shi ya sa na zauna na rubuta duk wannan. In kin zo da Sallah, Inna za ta tarbe ki, wataƙila ta yi miki murmushi, kuma ba za ki ga walƙiyar nan da muka tashi muna gani ba. Na san ki, fuskarki ba ta ɓoye komai. Ki yi kukanki tun a can, ki gama. In ta yi dariya, ki yi tare da ita.

Ƙanwarki mai begen ganinki,
Fa'iza