Noma a Gonar Yaya Bawa

Laraba da dare, tsakiyar damina

Da ƙyar nake riƙe fensirin nan, hannuna duk ya yi bororo. Yau a gonar Yaya Bawa na wuni. Sati uku ke nan ciwon kurkunu a ƙafa ya kwantar da shi, ciyawa tana neman cinye masa dawa, ga iyali cike da gida. Tun da na zama Kirista aka yi mini baftisma, a shekarar samun mulkin kai, bai ƙara amsa gaisuwata ba.

Da azahar sai ga shi yana dogara sanda. Ya daɗe tsaye a bakin gona, sannan ya ce, "Tanko, wa ya aiko ka?"

Na ce, "Ba kowa, Yaya. Ya ƙafar?"

Ya ce, "Da sauƙi." Ya juya gida. Saura kaɗan in yi kuka.

Amma wani abu yana damuna. Gonar a bakin hanyar Kudan take, masu wucewa suna ta cewa, "Sannu da aiki, ka ga ɗan'uwa na gari!" Na ji daɗi, har nakan ɗago kai in na ji takun mutum. Ran Lahadi mai bishara ya ce Yesu kamar itace ne, mu ne rassa, kuma reshen da ke manne da shi ba ya tallar 'ya'yan da ya yi. To ni, wa na yi wa noma yau? Yaya, ko Ubangiji, ko masu wucewa?

Na dai roƙi gafara. Saura rabin gonar. Gobe daga can ƙasa zan fara, wajen rafi, inda babu mai wucewa.