Ɗan yayana ya mai da garmar Babanmu budurwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin in yi abin da za a daɗe ana maganarsa a dangi, don wallahi raina a ɓace yake.

Marigayi Babanmu makaɗin noma ne a wani ƙauye kusa da Faskari, duk gayyar da babu gangarsa ba ta cika ba. Lokacin da kuɗin fetur suka ɓarke ina ƙaramar yarinya, samarin garinmu suka watsar da gona suka tafi birni leburanci, su dawo da sallah da rediyo a kafaɗa suna yi wa masu noma kallon ƙauyawa. Haushin wannan ya sa Baba ya yi waƙar da yake cewa, Ɗiyar Sheme ba ni sakinki, kowa ya tafi birni ni ina nan rungume da ke. Ɗiyar Sheme garmarsa ce, wani maƙeri a garin Sheme ya ƙera masa ita, tun rasuwarsa take rataye a ɗakin Innarmu. Kowa a lokacin ya san haka. Wani malamin makaranta ya ɗauki waƙar a kaset, ni na adana shi.

Bara ɗan yayana, wai shi darakta, ya zo yana Gwaggo Gwaggo, in ba shi kaset ɗin zai yi masa bidiyo don kada sunan Kaka ya ɓace. Har ƙwalla na yi don daɗi, na ɗauko da hannuna na ba shi.

Jama'a, da bidiyon ya fito sai ga wani ƙato da baƙin tabarau ya jingina da mota yana motsa baki a kan muryar Babanmu. Duk inda aka ce Ɗiyar Sheme sai a hasko wata yarinya, kyamara ta faro daga ƙafarta ta yi sama a hankali, fanka na kaɗa mata gyale, an rage gudun hoton tana rangwaɗa kamar hawainiya. Kowane baiti da kayan da take sakewa. Wurin rungumar nan kuwa ruwa suka sakar masu da tiyo wai ruwan sama. Gona ko ta rantsuwa babu.

Na kira shi na wanke shi tas. Wai in yi haƙuri haka ake yi, bidiyon waƙa dole da mace da mota, wa zai zauna kallon ƙarfe. Na ce ai tambaya ba ta ɓata hanya, ga ni ga Inna, wa ka tambaya? Uban nasa ma ya goya masa baya, wai yaro ya fara samun suna kada in yi masa baƙin ciki. Ni ce mai baƙin cikin!

Yanzu yaran da ba su san Baba ba suna rubuta cewa ashe tsoho ɗan duniya ne. A gidan suna wata ta kunna wa Inna a waya, tana dariya tana tambayarta ko ta san kishiyar tata ta waje. Da muka koma gida Inna ta sa aka sauko mata da garmar, ta goge ƙurar da bakin zanenta ta miƙo min, ta ce, “Kai ma mai bidiyon nan, ki ce ga budurwar kakanai nan, ta tsuhwa.”

Garmar tana ɗakina, na kasa kaiwa. In na matsa ya goge bidiyon, zumuncina da yayana ya taɓu. In na yi shiru, jikokinmu za su tashi da cewa kakansu mawaƙin 'yan mata ne, mutumin da ya mutu da kanta a tafin hannu. Ku da kuke gefe, in kai wa yaron garmar gaban ubansa, ko in mayar wa Inna kayanta in haɗiye?