Rufin Coci da Bayan Baba

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya matarmu da yara? Ni lafiya lau. Aikin gidan tsofaffin nan ba laifi, sai dai ƙugu da ke ɗan damuna wajen ɗaga su. Kada Baba ya ji.

Gwaggo ta kira ni. Ta ce an gama rufin coci, har Fasto ya fito da kai gaba aka tafa maka, don wata uku kana kan tsani saboda Allah. Sannu da ƙoƙari. Ta kuma ce bayan Baba ya yi gyambo, babu mai juya shi a gado.

Yaya, hannuna ka riƙe a tasha ka ce in tafi, Baba amanarka ne. Kullum ina juya iyayen wasu, ina shafa musu mai, hankalina kwance don nawa yana hannunka.

Ubangiji bai roƙe ka kwanon rufi ba. Cewa ya yi ka girmama mahaifinka, kuma kai ka koya mini ayar.

Allah ya tsare ka a kan tsani. Ka sauko ka juya Baba.

Ƙanwarka.