Marigayin da Kuka Busa wa Yana Neman Ƙahonsa

Zuwa ga Shugaban kwamitin ƙungiyarmu ta masu busa, fanfar ta Adjamé da Treichville, Misye Kwasi, da Mataimakinsa Misye Batis, da sauran 'yan kwamiti baki ɗaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyali, da ɗawainiyar jama'a. Mai rubuto muku wannan wasiƙa shi ne Mamman Sani mai kwanuka na Bracodi, wanda kuke kira Baba Tuba, wanda kuma a wurinku ya rasu tun bayan ƙaramar Sallah. Ina sanar da ku cewa jiki ya yi sauƙi, alhamdu lillahi, har na koma kasuwa.

Na rubuta da Hausa, kuma a fili, domin mutanen zangon da suka zo mini ta'aziyya su ma su karanta. Sakatarenmu Sulaiman, ɗan abokina ne haifaffen Treichville, zai juya muku ita zuwa Faransanci. In ya ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinsa, ya tambayi mahaifiyarsa.

Kafin in shiga kukana, bari in ba ku haƙƙinku. Na san babu mai biyan ku ko sisi. Misye Kwasi, kun yi ritaya daga koyarwa, da kun ga dama da kun zauna gida kun huta, amma kowace Asabar kuna tsaye cikin rana da sandar kiɗa a hannu. Madam Akisi, mai kula da jin daɗin membobi, ita ke kwasar rigunanmu ta wanke a gidanta. Ni ma fiye da shekara ashirin ina sungumar babban ƙahon nan da ake kira tuba, wanda ya kusa kai ni tsawo. Ku kuka yanke cewa don adalci a riƙa gwaji mako ɗaya a Adjamé, mako ɗaya a Treichville. Mai sarewa ya sa tasa a aljihu ya tafi. Ni kuwa sai in yi ta rigima da yaran motar haya ta gbaka, masu cewa ƙahon ma fasinja ne, ko in tsaya da shi a bato, jirgin fito na kan ruwa, mata suna tsaki. 'Yan uwana 'yan kasuwa sun sha yi mini dariya, wai mutum da furfurarsa yana kumbura kumatu a titi. Kullum amsata ita ce ƙungiyarmu ta mutanen kirki ce masu tsari. Yanzu in na faɗi haka sai su tambaye ni yaya kwanan kabari.

Na farko, abin da ya faru. An yi mini aikin ƙaba a asibiti, kuma ba sai na gaya muku abin da ya jawo ƙabar ba. Kafin in kwanta na kai ƙahon gidan Shugaba ajiya, tare da hular ƙungiya. Da aka sallamo ni, 'yan kwamiti na ɓangaren Adjamé suka zauna suka yanke shawarar a zo a gaishe ni da kiɗa, a maido mini da kayana. Niyya mai kyau ce, Allah ya saka. Amma da yake babu wanda ya yarda ya ɗauki ƙahon a kafaɗa, sai kuka ɗora shi a amalanke, kuka ɗora hulata a kansa, kuka sa shi a gaba. Madam Akisi kuma, don tausayi, ta ce marar lafiya ba ya son hayaniya, a busa mai sanyi, a yi tafiya sannu-sannu. Ranku ya daɗe, kiɗa mai sanyi guda ɗaya tak muka iya. Ba mu koyi na biyu ba saboda lokacin gwaji yakan ƙare a wajen gabatar da manyan baƙi da karanta abin da aka tattauna a zaman baya. Wannan gudan kuwa shi ne wanda muke raka gawa da shi.

Haka kuka taso bayan la'asar daga wajen tashar mota ta Adjamé, cikin baƙin wando da farar riga, kuka ratsa kasuwa kuna jan ƙafa, ƙahona da hulata a gaba babu ni. Duk wanda ya yi shekara ɗaya a Abidjan ya san ma'anar wannan. Masu soya ayabar aloko suka rage wuta, 'yan dako suka sauke kaya suka cire hula. Kafin ku iso ƙofar gidana, labarin ya riga ku zuwa garinmu Tawa ta waya.

Na biyu, jawabin Mataimaki. Ɓangaren Treichville sun makara kamar kullum, bato ya tsaya. Babu wanda ya gaya musu dalilin fitowar, saƙon da aka tura musu cewa kawai ya yi a haɗu a gidan Baba Tuba da kayan aiki. Misye Batis, kun iso tare da su kun tarar da amalanke da hula da wannan kiɗa, kuma ban ga laifinku ba da kuka fahimci abin da kowa ya fahimta. Laifin da na gani shi ne na waɗanda suka san gaskiya suka yi shiru, wai ba a katse babba in ya fara magana. Kun hau kan dakalin ƙofata kun yi jawabi mai tsawo. Kun ce ni ginshiƙi ne, kun ce ban taɓa makara ba, kun yi hawaye na gaske. Ina kwance a ɗaki ina shan kunu ina ji ta taga, kuma ba zan ɓoye muku ba, jawabin ya yi mini daɗi. A shekarun nan duka ban taɓa jin rabin wannan yabo daga bakinku ba. Daga nan sai kuka bi al'adar ƙungiya da muka gada, wadda ta ce ƙahon da aka busa wa kiɗan rakiya ba ya kwana babu mai shi. Kuka ɗaga hulata a gaban jama'a kuka ɗora wa Dezire, ɗan ƙanwarku, kuka miƙa masa ƙahon. Ɗinkin cikina bai bar ni na yunƙura da wuri ba. Kafin in dafa bango in kai ƙofa, an juya amalanke.

Abin da maiɗakina Hajiya Rabi ta gani a ranar, Allah kaɗai zai biya ta. Maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi, aka jera butoci, wasu na cewa yako, gaisuwar jajen mutanen nan, wasu na cewa Allah ya jiƙansa. Tana ce musu mutumin nan yana ciki, ku shiga ku gan shi, su kuwa suna ce wa juna a bar ta, zafin rashi ne. Limamin unguwa ya aiko a tambayi lokacin da za a yi sutura. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa ba a raka Musulmi da busa, sai aka ce ai daman abokan sha'aninsa ne. Da na fito tsakar gida da zane a ƙugu, wata tsohuwa ta bar takalmanta a gidanmu, har yau ba ta dawo ɗauka ba. Yayata da ke Tawa sai da ta sa na faɗi sunan akuyar da muka yi kiwo muna yara kafin ta yarda ni ne a waya.

Na uku, kuma nan ne ainihin kukana. Duniya duka ta yarda ina da rai, ban da kwamiti. Na je gwaji a Adjamé, kowa ya rungume ni, Shugaba ya ba ni kujera a inuwa, ya ce maganar ƙaho sai an zauna. Aka sa zama a Treichville, 'yan Adjamé suka maƙale a gadar da ke tsakaninmu, mutane ba su cika ba. Aka sa a Adjamé, 'yan Treichville suka ce ruwa ya yi yawa. Da na matsa, Shugaba, kun ja ni gefe kun ce in yi haƙuri in duba maslaha. Kun ce a dokokin ƙungiya an tanadi yadda ake miƙa ƙahon mamaci, amma ba a tanadi yadda ake karɓo shi in mamacin ya dawo ba. Kun ƙara da cewa in aka ƙwace shi daga Dezire, tamkar an ce Mataimaki ya yi kuka a banza ne a gaban kasuwa, ɓangaren Treichville kuma za su ɓalle su tafi da babbar ganga. Na gane. Zaman lafiyar ƙungiya yanzu a kan mutuwata yake tsaye, ana roƙona in daure in ci gaba da ita.

Ba ni da faɗa da Dezire. Yaro ne mai ladabi, in ya gan ni har ƙasa yake durƙusawa da ƙahona a wuyansa. Amma ina zaune a kujerar da kuka ba ni, ina jin ana busa babu ni, kuma wannan ya yi mini ciwo fiye da wuƙar likita. Ƙahon nan shi ne abu guda da nake yi a garin nan wanda ba neman abinci ba. Na zo Abidjan ba ni da kowa, a cikin layin masu busa na fara jin ni ma ɗan gari ne.

Na huɗu gajere ne. Bakin ƙahon, ɗan ƙarfen da ake sa leɓe a kai, nawa ne na kaina, kuma bai taɓa barin aljihuna ba. Da kuka ga wanda Dezire ya aro ba ya zama daidai, sai kuka aiko Sulaiman gidana ya roƙi iyalan marigayi su duba cikin kayansa. Ni na buɗe masa ƙofa. Ya gaishe ni, ya tambayi jiki, sannan ya sunkuyar da kai ya isar da saƙon yadda aka ba shi, rabi Hausa rabi Faransanci. Na ba shi ruwa ya sha, na ce ya gaya muku magada suna shawara.

Saboda haka ina roƙon kwamiti mai daraja abubuwa kamar haka. A zauna, ko a tsakiyar gada ne in ya fi wa kowa kusa, a tabbatar ina da rai. In ana buƙatar shaida zan zo da kaina. A maido mini da ƙahona da hulata. Dezire ya tsaya kusa da ni in koya masa, in lokacin ya yi na gaske ya ɗauka da albarkata. Misye Batis kuwa kada ya ji kunyar komai, ban nemi ya janye ko kalma ɗaya daga jawabinsa ba, ya bar shi yadda yake. Sannan a sake fitowa ta hanyar nan da kuka bi, daga tasha zuwa Bracodi, da rana tsaka, da kiɗan biki, ni a bayan layi ina busa, domin masu aloko da 'yan dako su gani da idonsu. A kuma rage gabatar da manyan baƙi a koyi kiɗa mai sanyi na biyu, don Madam Akisi ma tana fama da ƙafa, kada wata rana a je gaishe ta.

Roƙona na ƙarshe shi ne, ranar da Allah ya karɓi abinsa da gaske, kada ku zo da ƙaho. Ku zo da hannu biyu ku zauna a tabarma kamar kowa. Nawa kiɗan na riga na ji shi ta taga, kuma na lura da abin da babu wanda ya lura a cikinku: ƙasansa, inda kakkauran amon tuba ke shiga, fayau yake, babu mai riƙe shi, domin mai riƙewar yana kwance a ɗaki.

Ranar Asabar mai zuwa gwaji a Treichville ne. Zan shiga bato da wuri, bakin ƙahon yana aljihuna. Duk mai son sa ya zo ya karɓa daga hannun marigayin, ya dube shi ido da ido.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da haƙuri, ya ba Mataimaki tsawon rai, ya saka wa kwamiti da alheri bisa wahalar da yake sha kyauta. Allah ya sa ku ji yabonku da kunnenku tun kuna raye, kamar yadda na ji nawa.

Wassalam.

Naku mai rai,
Mamman Sani, Baba Tuba,
Bracodi, Adjamé.