Saniya Ɗaya, Mahauta Uku

Mile 3, Fatakwal

'Yata Baiwa,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki ya Enugu? Bayan haka, ƙaninki, ɗana Hashim, ya gama zanen manhajar da ƙungiyarmu ta mahauta za ta riƙa rabon shanu da ita. Dattawa sun ce ba za a fara ginawa ba sai masani ya duba ya sa hannu. Na bugi ƙirji na ce muna da 'ya masaniyar manhaja a gida. Sa hannu kafin Juma'a.

Kawunki, Gimba

*

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Na bi zanen akwati-akwati, kibiya-kibiya, yadda muke yi a ofis: na ɗauki saniya ɗaya tun saukarta daga mota har teburin nama. Aikin yana da tsafta, amma ya ba kowace saniya mai ita ɗaya tak. Ku kuwa na taso na ga kuna haɗuwa da Malam Dogara da Munzali ku sayi ɗaya ku raba. Manhajar za ta san mutum ɗaya, sauran biyun babu su a duniyarta. Ba zan sa hannu ba.

'Yarku, Baiwa

*

Baiwa,

Sa hannu na nema, ba karatu ba. A gina, a gyara daga baya mana! So kike a yi min dariya a mayanka? In kin ƙi, kada ki zo min gida da Sallah.

Gimba

*

Kawu,

Allah ya huci zuciyarku, maganar ta yi min zafi ƙwarai. Amma gyaran yau fensir ne, na gobe rusau ne. Ranar da aka hana Malam Dogara kasonsa, sunana za a nema a ƙasan takardar. Sallah kuwa ina nan tafe, ko a ƙofar gida ne zan gaishe ku. In dattawa suka tambaye ni, abin da na rubuta muku zan faɗa.

'Yarku har gobe, Baiwa

*

Yaya Baiwa sarkin taurin kai,

Na je mayanka da zanen don in ƙaryata ki. Cikin shanu arba'in da aka yanka, shida ne kawai masu mutum ɗaya. Da bakina na janye zanen gaban dattawa. Abeg, don Allah ki taho da wuri mu sake shi. Baba ya daina amsa gaisuwata, yanzu mun zama mu biyu.

Hashim